Daga Kakuri zuwa Apo: wa ke zaɓa wa mota ƙafa?

Motocin da ke cika titin Kubwa da na Nyanya kowace safiya, kaɗan ne daga cikinsu masu su suka zaɓa musu ƙafa. Launi dai an zaɓa, an saurari kukan inji, an kunna iyakwandishan an ji sanyinsa, an ja ciniki har rana ta take. Amma sifirin da shakazoba, waɗanda ke ɗauke da motar suna sha mata dukan hanya, yadda aka tarar da su haka aka karɓa. Wani Bature ne a Jamus ko Amurka ya zauna shekaru goma baya ya cike takarda gwargwadon titin garinsu, mu kuma muka gaji abin da ransa ya so. Sai a 'yan shekarun nan na fara ganin mutum ya shigo garejina a Apo riƙe da takardar odar sabuwar mota, ya nuna mini layi biyu, ƙafar da aka saba da kuma ta tsere, wadda kamfanoni ke rubuta wa Sport, ya ce wacce zai ɗauka. Aikin ƙafa nake yi tun ina yaron gareji a Kaduna, kuma a iya sanina tambayar nan sabuwa ce a ƙasar nan.

Lokacin da na fara riƙe sifana babu wannan zaɓin. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a Disambar 1972, a 1975 kuma masana'antarsa ta Kakuri ta fara fitar da mota. Shekarar ce tashar ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, jirgi ya yi watanni a kan teku yana jiran layi. Sai Faransawa suka koma ɗauko kayan haɗin ta sama. Jiragen kamfanin UTA su taso daga Lyon su sauka Kano, a loda wa manyan motoci zuwa Kaduna. Ga kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga aljihun ma'aikata, ga bashin mota. Yaro ya gama jami'a ya kama aikin gwamnati, ba a jima ba sai ka gan shi cikin sabuwa dal, ledar kujeru ma bai cire ba. Abin da ake tambayarsa a wurin dila bai wuce launi ba, da salun ko wagon, da ko aljihunsa zai ɗauki mai iyakwandishan. Ƙafa kuwa injiniyoyi sun riga sun yanke hukunci a kanta, kuma sun yanke shi ne suna tunanin burji da gargada.

A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, amma a nan ta sami gidan zama. Sirrinta a ƙasa yake. Sifirin ɗinta dogo ne mai laushi, taya na da filin da za ta nutse cikin rami ta dawo ba tare da ta ja jikin motar ba. Cikinta a ɗage yake. Farfelarta a cikin bututun ƙarfe take juyawa, tsakuwa da ƙura ba sa kai mata. Shakazoba kuwa a lokacin Peugeot da kansu suke ƙera nasu, alhali yawancin kamfanoni saye suke yi a waje. Wagon na da sifirin huɗu a kan aksul ɗin baya, biyu kowane gefe, a-kori-kura kuma mai falle-falle irin na babbar mota. Tayarta inci 14 ce, mai kaurin gefe, roba da iska masu yawa tsakanin rim da hanya. A 1975 ɗin nan dai Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, tseren dubban kilomita cikin laka da duwatsu. Nakan tuna wa yaran da ke son mota ta manne da ƙasa cewa wadda ta ci tsere mafi wuya a Afirka a ɗage take tafiya.

Wanda bai ga lodin wagon a tashar Kawo ba bai san abin da ƙafar nan ta jure ba. Kamfani ya yi ta don mutum bakwai, kamasho ya sa biyu gaba, huɗu tsakiya, uku baya, ban da goyo. A cusa buhun masara a but, a ɗaure ƙofar da igiyar roba don ta ƙi rufuwa, a ɗora katifa da kwandon kaji a sama. Bayan motar ya zauna har rabin taya ya ɓace, fitilun gaba su koma haska rassan bishiya. A haka za ta kama hanyar Funtuwa ko Gusau, ta dawo gobe a sake. Direbobi kan zo wurinmu mu yanka tsohuwar taya mu cusa tsakanin zoben sifirin don ya ƙara tauri. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba shi da na'urar gwaji. Zai dafa kusurwar mota da hannu biyu, ya danna da dukkan nauyinsa, ya saki, ya zuba ido. In ta taso ta tsaya cak, ya ce wa direba, "Malam, tafi abinka." In ta yi lilo sau biyu, sai ya juyo wurina ya ce, "Kai yaro, ɗauko jak." Har yau da wannan gwajin nake farawa, kodayake motocin yanzu sun yi tauri, gwajin ba ya faɗin gaskiya duka.

504 na cikin motocin da suka fara shiga dajin da ya zama Abuja. Janar Murtala ya sa hannu a Doka ta 6 da ta kafa sabon babban birnin a farkon Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi ranar 13 ga watan. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta bi tsarin rage facaka, ta mai da 504 motar manyan jami'ai, daga kwamishina har babban sakatare. A Suleja ma'aikatan hukumar raya birnin suka fara zama, daga can suke shigowa kullum, Land Rover a gaba, Peugeot a baya, ta hanyoyin da buldoza ta fasa tsakanin ƙauyukan Gbagyi. Direbobin gwamnati na wancan lokaci sun ba ni labarin yadda ake tsallaka rafi da damina, a sauke oga ya naɗe wando ya bi bayan mota a ƙafa. Ko da Shehu Shagari ya yi bikin 'yancin kai a nan a 1982, gari bai wuce 'yan tituna da gine-ginen Garki ba.

Ni na zo ne bayan Babangida ya tare ranar 12 ga Disambar 1991, lokacin da ma'aikatu ke ta kwaso kaya daga Legas, kowace da jerin motocinta masu neman bakanike. Abin da na tarar ban taɓa ganin irinsa ba. Titi shimfiɗe, faɗi kamar filin idi, kwaltar Julius Berger ba ko tabo, gadoji na sama da na ƙasa, ga shi babu motocin da za su cika shi. A nan na fara jin ƙorafin da ban taɓa ji a Kaduna ba. Direba ya zo ya ce, "Fijon nan tana kwanciya a kwana." Ka duba, komai lafiya. Abin da ya faru shi ne ya shiga lanƙwasar gada da gudun da hanyar Birnin Gwari ba ta taɓa bari ya yi ba, sai laushin nan da ke cetonsa a rami ya sa motar ta karkata, oga ya zame ya bugi ƙofa. Abin da ya zama alheri a burji ya zama abin kuka a Maitama. Tun daga lokacin na fahimci garin nan zai rikita mana lissafi.

Kafin nan ma tattalin arziki ya riga ya juya. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, bashin mota ya zama labari. Aka koma 'yan Beljiyam, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano a shigo da su ta iyaka, daga baya na Amurka suka biyo. Marsandi mai but ɗin V, Golf, Honda Halla, sai Baby Boy, sai End of Discussion, sai Camry iri-iri, kowace da laƙabin da 'yan kasuwa suka raɗa mata. A cikin wannan ambaliya ƙafar tsere ta shigo ƙasar nan ba sallama. Mutum ya ga Golf GTI ko BMW mai alamar M, ko Camry SE da ake kira Spider, ya ga ta fi 'yan'uwanta kyan tsayuwa da manyan rim, ya ƙara kuɗi ya saya. Dillali bai gaya masa cewa sifirin ɗinta gajere ne mai tauri ba, don shi ma dillalin sau da yawa bai sani ba. Sai ya bar kwalta ya karya kwanar gidansa a Karu ko Dutsen Alhaji, ya ji ƙarfe ya gurji ƙasa.

Maganin da muka ƙirƙiro wa wannan ciwo shi ya ciyar da rabin masu aikin ƙafa a Apo, kuma ban cire kaina ba. Ɗaga mota. A sauke shakazoba, a sa zoben roba mai kauri ko na alminiyam a samansa, a mayar. Motar ta tashi da inci ɗaya ko biyu, ta daina dukan ƙasa, mai ita ya biya yana murna. Wasu kan je Gudu ko Zuba su nemo sifirin ɗin wata motar da ta fi tsawo a dasa. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne an canja wa duk gaɓoɓin ƙafar kusurwar da aka ƙera su su yi aiki a kai. Shaf ya karkace, robarsa ta yage da wuri, ya fara ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin da bushin su riƙa mutuwa kafin lokacinsu, taya ta cinye ta gefe ɗaya. Taurin kuma yana nan, don zobe bai taɓa sifirin ba. Sai a wayi gari da motar da ta rasa riƙon hanyar da aka biya kuɗi dominsa, ba ta kuma sami laushin ƙafar gida ba. Bayan wata shida ya dawo, mu canja wani abu, ya ce kayan yanzu ba su da ƙwari. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, domin kasuwar cike take da jabu, har ta kai mutane sun fi yarda da tsohon shakazoba ɗan Beljiyam a kan sabo cikin kwali. Na sha ganin wanda aka wanke, aka fesa wa baƙin fenti, aka sayar, alhali man cikinsa ya tsiyaye tun a Turai. Wajen 2009, zamanin minista Adamu Aliero, aka yi ta jera tudun rage gudu a titunan cikin gari. Daga baya an cire wasu, amma a tsakanin nan layin masu son ɗaga mota bai yanke a ƙofar garejina ba.

Ita kuwa 504 ta yi ta ja da baya a hankali. Aka yi 505, aka yi 406 wadda ta cika ma'aikatun Abuja a farkon mulkin farar hula. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta daina saya wa yawancin ma'aikata motar ofis, ta mai da abin kuɗi cikin albashi, Kakuri ta rasa babban mai sayenta. Wajen 2006 aka daina haɗa 504, a shekarar ce kuma gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin. Manya ba su tsaya dogon tunani ba, suka hau Prado da Land Cruiser da Hilux, suka warware matsalar rami da tsawo da kuɗi. An yi tsarin bunƙasa haɗa motoci a gida a 2013, an hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, Innoson na ƙerawa a Nnewi, Dangote ya shiga haɗa Peugeot a Kaduna. Duk da haka mai matsakaicin ƙarfi tsohuwa yake saye, da zaɓin wani a ƙarƙashinta.

To, ga 'yan ƙalilan da Allah Ya hore wa su yi oda, me ke cikin layin nan na biyu? An rage wa motar tsawo da santimita ɗaya zuwa biyu. Sifirin da shakazoba sun fi tauri, sandar da ke hana karkata ta fi kauri. Galibi kuma tana zuwa da rim inci 18 ko 19, da taya mai lamba 40 ko 35, wato tsayin gefenta kashi 40 ko 35 ne cikin ɗari na faɗinta, rabin abin da 504 ke da shi. Ba zan yi wa ƙafar nan ƙazafi ba. Na tuƙa irinta a titin filin jirgi da asuba, daga Ƙofar Gari zuwa Lugbe, motar na bin sitiyari ba musu, ka taka birki ba ta dunƙure da hanci. Abuja na cikin wurare kaɗan a ƙasar nan da mutum zai ji daɗin kuɗinsa a kanta, shi ya sa samarin da ke wasan mota ranar Lahadi ba sa son jin wata. Sai dai titin da ya kai ka Lugbe ba shi ne zai kai ka ƙofar gida ba. Daga babban titi zuwa cikin unguwa, a Lokogoma ko Mpape ko Kuje, akwai kilomita biyu ko uku da ruwan Agusta ke sake wa fasali kowace shekara. Ko a rukunin gidajen masu kuɗi, kowane layi da tudun siminti da mazauna suka zuba da kansu, ba awo ba ƙa'ida. Rami ɗaya da gudu ya isa ya tsaga rim ko ya fitar wa taya ƙulu a gefe, ita kuma irin wannan taya ba ta facuwa a gefe, ba kuma kowane mai faci ke da injin cire ta ba.

Sannan akwai abin da takardar oda ba ta tambaya: motar Bahaushen Abuja ba 'yar Abuja ba ce ita kaɗai. Tana da Sallah ƙarama da babba, tana da biki da suna da ta'aziyya. Dole wata rana ta wuce Zuba ta kama hanyar Kaduna, tagwayen titin da aka shimfiɗa zamanin Babangida, wanda aikin sake gina shi da aka bayar a ƙarshen 2017 ya ja shekaru ana karkatar da motoci daga wannan hannu zuwa wancan. Ta wuce nan kuma akwai hanyar ƙauye.

Kwanakin baya 'yar wani aminina, ma'aikaciyar banki, ta zo da irin takardar nan. Ta durƙusa ta gaishe ni, na sa yaro ya goge mata benci.

"Baba, dila ya ce ta Sport ta fi kyau, kuma ta fi saurin sayuwa in na tashi canjawa."

"Ina kike zaune yanzu?"

"Gwarimpa."

"Titinku da kwalta har ƙofa?"

"Saura kaɗan, Baba. Sun ce bana za su ƙarasa."

"Hajiya fa, wa ke kai ta Malumfashi?"

Ta yi dariya, don ta san inda na dosa. Mahaifiyarta na fama da ciwon baya, kuma ita ce babba a ɗakin. Na kai ta bayan gareji na nuna mata tarin rim ɗin da suka tsage, na sa ta shafa gefen wata taya mai lamba 35 da yatsa ta ji ƙulun. Ta tambaye ni zancen wata ƙafar da aka ce ana danna maɓalli ta yi tauri ko laushi. Na ce tana nan, kuma tana aiki, shakazoba ne mai waya da kwamfuta ke sarrafawa. Ranar da ɗaya ya mutu kuwa, kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa, kuma sai an jira shi daga waje. Na sha cire irinsu in sa na gama-gari, fitilar gargaɗi ta zauna a kunne har a sayar da motar.

Abin da na ce ta koma ta tambayi dila shi ne layin da ba a cika bugawa a takardar ba. Wasu kamfanonin Turai, irin su Skoda da Mercedes, suna da ƙafar da suke yi wa ƙasashe masu munanan hanyoyi: sifirin mai ɗan tsawo, shakazoba daidai da shi, wani lokaci har da farantin kare cikin inji. Ɗaga mota ne, amma wanda injiniya ya auna tun daga masana'anta, ba irin namu na zobe ba. Ta dawo ta ce motar da take so ba ta da shi. Sai ta ɗauki ƙafar da aka saba, ta kuma sa aka rage mata rim zuwa inci 17, dila yana ta mamakin mai kuɗin da ke neman ƙaramar taya.

Ƙanenta bai ji shawarar ba, ya sayi tasa mai manne da ƙasa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don a Wuse yake zaune, a Maitama yake aiki, motar na yi masa abin da ya saye ta dominsa. In tafiyar gida ta kama, sai ya rufe ta da tampol ya nufi tashar Idu ya hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, ya sauka Rigasa, ya nemi ta haya zuwa Malumfashi. Hajiya da tsarabar Sallah kuwa a motar yayarsa suke tafiya.